Maiƙon Gidajen Abinci da Toshewar Magudanan Birane

 

Wannan lacca ta shafi maiƙon da ke fita daga madafan gidajen sayar da abinci da otal-otal da makarantun kwana da asibitoci, wanda yake bin ruwan wanke-wanke ya gangara cikin magudanan birni, da kuma matakan da hukumomi suke ɗauka domin kada ya toshe su. Abin da ake nufi da maiƙo a nan ya haɗa kitsen dabbobi, da man girki irin su man gyaɗa da manja, da kuma ɗan abin da yake saura a jikin tukunya da kasko da faranti bayan an ci miya ko an sha romo, wanda ba a ɗaukarsa a bakin komai, alhali idan aka tara na kwanukan yini guda a babban gidan abinci sai a tarar ba kaɗan ba ne. Magudana kuma ita ce jerin bututun da aka binne a ƙarƙashin tituna, waɗanda suke kwashe ruwan bayan gida da na wanka da na wanke-wanke su kai shi matata, inda ake tsabtace shi kafin a sake shi cikin kogi. An ɗauki birnin Landan a matsayin babban misali saboda matsalar ta fito fili a can, an auna ta, an kuma rubuta. Abin da laccar take son tabbatarwa shi ne cewa tare maiƙo a bakin madafa, ko da yake wajibi ne, rabin aiki ne kawai, domin ɗaya rabin yana ga sanin wanda zai kwashe shi da inda zai kai shi.

An gina manyan magudanan Landan ne bayan bazarar shekarar 1858, lokacin da zafi ya tsananta, warin najasar da ake zubawa a Kogin Thames ya addabi birnin har ya hana 'yan majalisar dokoki sakat a zaurensu da ke bakin kogin. Injiniya Joseph Bazalgette ne ya jagoranci aikin, wanda aka fara a 1859, inda aka gina manyan hanyoyin ruwa na jan bulo da suke tare najasar kafin ta faɗa kogi, su gangara da ita can gabashin birnin. Aikin ya yi ƙarko, tun da har yau ana amfani da shi, sai dai an yi shi ne domin birni mai mutane kimanin miliyan uku, a zamanin da kitse abin kuɗi ne da ake yin kyandir da sabulu da shi, babu mai zubar da shi a banza. Yau mazauna Landan sun kai kusan miliyan tara, gidajen soye-soye sun cika unguwanni, kuma a tsofaffin sassan birnin bututu ɗaya ne yake ɗaukar najasa da ruwan sama a haɗe, saboda haka idan ya ƙuntata aka kuma yi ruwa mai ƙarfi, abin da ke ciki sai ya dawo da baya ya ɓullo a tituna da cikin gidaje, ko ya malala cikin kogi ba tare da an tace shi ba.

A watan Agusta na 2013 aka ba da labarin wani curin maiƙo mai nauyin tan 15 a unguwar Kingston, wanda ba a san da zamansa ba sai da mazauna wurin suka yi kukan cewa ruwan bayan gidansu ya daina wucewa. Bayan shekara huɗu, a watan Satumba na 2017, ma'aikatan kamfanin Thames Water, mai kula da ruwan sha da magudanan birnin, suka ci karo da wanda ya fi wancan nesa ba kusa ba a ƙarƙashin titin Whitechapel, mai tsawon mita 250 da nauyin kimanin tan 130. Magudanar da ya toshe tsohuwa ce ta bulo, wadda mutum ba ya iya miƙewa tsaye a cikinta, kuma a cikin wannan matsi ne ma'aikata suka riƙa shiga da rigunan kariya da na'urar auna iska mai guba, suna fesa masa ruwa mai ƙarfi, inda ruwan ya kasa su sa shebur, motar zuƙa tana janye abin da suka farfasa, har tsawon mako tara. An ajiye guntunsa a gidan tarihin birnin Landan a 2018, jama'a suka riƙa zuwa kallo. A 2021 kuma aka gano wani a Birmingham, wanda aka ƙiyasta nauyinsa ya kai tan 300, tsawonsa kuma kusan kilomita guda.

Tambayar da ta cancanci a tsaya a kanta ita ce yadda abin da ya bar madafa yana ruwa-ruwa yake komawa abu mai taurin da sai an sa masa shebur. Amsar da aka saba bayarwa ita ce sanyi, wato kitse yana narkewa a kan wuta, idan ya shiga bututu mai sanyi sai ya daskare ya manne a bango. Hakan yana faruwa, amma bai isa bayani ba, domin daskararren kitse yana da laushi, ruwa mai ƙarfi na iya ture shi. Binciken da masana na Jami'ar Jihar Karolina ta Arewa a Amurka suka wallafa a 2011 ya nuna cewa akwai sauyin sinadari a cikin lamarin. Zafin suya da aikin ƙwayoyin halittar da ke cikin najasa suna warware kitse ya rabu zuwa wasu sinadarai da ake kira asid ɗin kitse, su kuma idan suka haɗu da kalsiyam, wato sinadarin da ke cikin alli da siminti, sai su zama sabulu. Duk wanda ya san yadda ake dafa sabulun salo, inda ake haɗa mai da ruwan toka, ya san tushen wannan aiki. Bambancin shi ne toka tana ba da sinadarin fotasiyam, wanda sabulunsa yake narkewa a ruwa ya yi kumfa, shi kuwa sabulun kalsiyam ba ya narkewa, sai dai ya yi ta taruwa yana ƙara tauri. Kalsiyam ɗin kuma ba ya wuyar samu a magudana, domin yana zuwa a cikin ruwan da ya ratso ƙasa mai alli, irin ruwan Landan, yana kuma fita daga jikin kankare da simintin bututun kansa, musamman inda iskar haidirojin salfaid, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, ta rikiɗe ta zama asid tana cin bangon.

Wannan bayani yana rushe zato biyu da suka zauna a zukatan masu aikin madafa. Na farko shi ne cewa tafasasshen ruwa da omo suna raba mutum da maiƙo. Abin da suke yi shi ne su daddatsa shi zuwa ƙananan ɗigo da suke tafiya tare da ruwa, ya wuce bututun gidan lafiya lau, sannan idan ruwan ya huce omon kuma ya tsinke a cikin sauran najasa, maiƙon ya sake haɗuwa a can gaba, a magudanar jama'a, inda mai gidan abincin ba ya gani. Na biyu shi ne cewa matsalar ta ƙasashen sanyi ce. Tun da haɗuwar asid ɗin kitse da kalsiyam ba ta jiran sanyi, zafin ƙasa ba kariya ba ne, kuma yana da kyau a lura cewa sinadarin da aka fi samu a cikin waɗannan curarruka shi ne asid ɗin da ake kira falmitik, wanda shi ne yake da kusan kashi 44 cikin ɗari na manja.

Adalci ya sa a ambaci cewa madafa ba ita kaɗai take da laifi ba. Wani nazari da ƙungiyar kamfanonin ruwa ta Birtaniya, Water UK, ta fitar a 2017 ya gano cewa kashi 93 cikin ɗari na abin da aka ciro daga toshewar da aka bincika jiƙaƙƙun ƙyallayen nan ne na goge jiki, irin waɗanda ake yi wa jarirai tsarki da su a jefa a masai, waɗanda ba sa ruɓewa a ruwa. A Amurka kuwa, rahoton da hukumar kare muhalli ta ƙasar ta miƙa wa majalisa a 2004 ya ce maiƙo ne sanadin kashi 47 cikin ɗari na toshewar da aka kawo rahotonta. Alƙaluman biyu ba sa ƙaryata juna, domin kowanne abin da ya auna daban, kuma a cikin bututu abubuwan biyu tare suke aiki: ƙyallen yana sarƙewa ya ba maiƙo wurin kamawa, maiƙon kuma yana ɗaure ƙyallen ya hana shi wucewa. Ƙungiyar Water UK ta ƙiyasta a 2017 cewa ana samun toshewa kimanin 300,000 a kowace shekara a Birtaniya, kuma gyaransu yana cin fam miliyan 100. Wannan kuɗi daga takardar biyan kuɗin ruwa ta kowane gida yake fita, wanda ke nufin tsohuwar da ke dafa tukunya ɗaya a rana tana taya mai babban gidan soye-soye biyan ɓarnarsa, kuma wannan rashin daidaito shi ne babbar hujjar da ta sa ya halatta hukuma ta ɗora nauyin a kan mai sana'a.

Na'urar da aka dogara da ita wajen tare maiƙo ita ce tarkon maiƙo, wanda aka san shi tun ƙarshen ƙarni na 19, kuma aikinsa bai sauya sosai ba. Tanki ne da ake dasawa tsakanin wurin wanke-wanke da magudana, an raba cikinsa da shinge ɗaya ko biyu domin ruwan da ya shigo da gudu ya lafa. Da yake mai bai kai ruwa nauyi ba, yana tasowa sama ya kwanta, tarkacen abinci irin su shinkafa da ƙashi da ɓawon albasa suna nutsewa ƙasa, bakin bututun fita kuma yana buɗe ne a tsakiyar zurfin, inda ruwa ya fi tsabta. Wanda ya ɗaga murfin tarkon da ya yi makonni yana aiki zai ga hawa uku a fili: ɓawon maiƙo mai ruwan ƙasa a sama, mai kauri da tsami, ruwan toka-toka a tsakiya, da laka a ƙasa. Akwai ƙanana da ake sawa a ƙarƙashin wurin wanke kwanuka, waɗanda suke bukatar a yashe su a kai a kai, akwai kuma manya na kankare da ake binnewa a bayan gini, waɗanda sai da mota ake zuƙe su.

Duk amfanin tarkon yana rataye ne ga wancan ruwa na tsakiya. Yayin da ɓawon sama yake ƙara kauri lakar ƙasa kuma take tasowa, sararin da ruwa zai tsaya ya huce yana raguwa, har a kai matsayin da maiƙo zai shigo ta nan ya fice ta can bai tsaya ba, alhali mai gidan yana da tabbacin cewa ya cika doka tun da tarko yana nan a girke. Saboda haka ne birane da yawa a Amurka suka kafa ƙa'idar kashi ɗaya cikin huɗu, wato idan maiƙo da laka a haɗe suka cinye kwata na zurfin tankin, wajibi ne a kwashe, kuma galibi ba a yarda a wuce kwana 90 ba tare da kwasa ba ko da bai kai hakan ba. Ruwa mai tsananin zafi daga injin wanke kwanuka yana narkar da abin da tarkon ya riga ya kama, wasu magungunan da ake tallatawa da sunan narkar da maiƙo kuma tura shi gaba kawai suke yi, shi ya sa wasu hukumomi suka hana amfani da su. Ba a haɗa bututun masai da tarko, kuma murfin manyan tarkuna dole ya kasance mai nauyi ko mai kulle, domin an sha samun yara da suka faɗa ciki suka rasu. Kafin ma a kai ga tarko, ƙaramin horo a madafa yana rage masa kaya ƙwarai: a kankare saura a kwandon shara kafin a jiƙa faranti, a share kasko, a sa rariya a bakin bututu, a juye tsohon man suya a jarka ko ganga.

Ta fuskar doka, sashe na 111 na dokar harkar ruwa ta 1991 ya haramta a Ingila zuba duk abin da zai lalata magudana ko ya hana ruwa gudana, ƙa'idojin gini kuma sun nemi a sa na'urar raba maiƙo a sababbin madafan kasuwanci. Raunin wannan tsari shi ne hukuncinsa yana zuwa ne bayan ɓarna ta auku, kuma sai an tabbatar wa kotu cewa maiƙon daga wannan gida ya fito, abin da yake da wuya a titin da gidajen abinci suke jere ƙofa da ƙofa. Ba abin mamaki ba ne da ziyarce-ziyarcen da Thames Water ya yi a 2017 suka nuna cewa kusan tara cikin goma na wuraren sayar da abincin da aka duba ba su da ingantaccen tanadin tare maiƙo. Birnin Dublin na ƙasar Ireland ya bi wata hanya tun 2008, inda ya wajabta wa kowane gidan abinci neman lasisin zuba ruwan madafarsa a magudana, bisa sharaɗin girka tarko, da ajiye littafin kwasa, da buɗe ƙofa ga masu duba, kuma toshewar magudanan birnin ta ragu matuƙa a shekarun da suka biyo baya. Singafo, wadda ƙasa ce mai zafi duk shekara, ita ma ta wajabta tarko a wuraren sayar da abinci, ta kuma taƙaita kwasarsa ga masu lasisi. Idan aka ɗora hanyoyin biyu a ma'auni, lasisin da ke da sharaɗi da dubawa ya fi gurfanarwa a kotu amfani, domin yana shiga tsakani tun kafin maiƙo ya bar gida.

A nan ne aka iso ɗaya rabin aikin, wanda aka fi sakaci da shi. Abin da ake kwashewa daga gidan abinci iri biyu ne. Akwai tsohon man suya da aka juye a ganga bai taɓa ruwan wanke-wanke ba, wanda yake da kasuwa, domin ana sarrafa shi ya zama man dizil na bayodizil, har ma da man jirgin sama, kamar yadda kamfanin KLM ya nuna a 2011 lokacin da ya ɗauki fasinjoji daga Amstadam zuwa Paris da man da aka gauraya da irinsa. Akwai kuma maiƙon tarko, wanda ya cakuɗa da ruwa da tarkace ya yi tsami, sarrafa shi yana da wuya da tsada, ko da yake ana zuba shi a manyan tankunan ruɓarwa na matatun najasa ya ba da iskar gas da ake samar da lantarki da ita, kuma wani kaso na curin Whitechapel ma bayodizil aka mayar da shi. Kowanne daga cikin biyun yana da nasa haɗari, kuma haɗarin daga farashinsa yake tasowa.

Maiƙon tarko, da yake kuɗi ake biya kafin a karɓe shi, yana jarabtar mai motar kwasa marar tsoron Allah ya karɓi ladan aikinsa, ya zagaya kwana, ya buɗe murfin magudana ko ya sami kwari ya juye kayansa cikin dare, ta yadda abin da tarko ya tara a hankali cikin wata uku zai faɗa bututu a lokaci guda. Tsohon mai kuwa, da yake yana da daraja, yana jarabtar wasu su tace shi su mayar da shi kasko. A ƙasar Sin wannan ya zama babban abin kunya, inda aka samu masu ɗebo mai daga magudanai da tarkunan gidajen abinci suna dafa shi suna sayarwa a matsayin man girki. A watan Satumba na 2011 'yan sandan ƙasar suka sanar da kama mutum 32 tare da ƙwace kimanin tan 100 na irin wannan mai, a 2014 kuma irin wannan badaƙala ta girgiza Taiwan, ta shafi ɗaruruwan masana'antun abinci. Maganin da birnin Shanghai ya nema shi ne ya damƙa tarawar a hannun kamfanoni masu lasisi, ya kuma buɗe wa man halastacciyar kasuwa ta hanyar zuba bayodizil ɗinsa a motocin safa na birnin. Biranen Amurka da dama suna amfani da takardar rakiya, wadda mai gidan abinci da mai mota da wurin karɓa kowa yake sa wa hannu, a rubuta yawan abin da aka ɗauka da wanda aka sauke, ta yadda idan lissafi bai daidaita ba za a san wanda za a tuhuma. Takarda ce mai sauƙi, amma in babu ita, wajabta tarko bai wuce canza wa maiƙo wurin zuba ba.

Alaƙar wannan batu da biranen ƙasar Hausa tana nan, ko da yake kamanninta daban ne. Abuja tana da magudanar ƙarƙashin ƙasa a gundumomin da aka tsara, wadda take kai najasa matatar Wupa, saboda haka otal-otal da gidajen abincinta suna fuskantar irin abin da aka bayyana kai tsaye. A Kano da Kaduna da Yamai kuwa, akasarin ruwan wanke-wanke yana tafiya ne ta buɗaɗɗen lambatu ko ya shiga sokawe, ya ƙare a rafuka irin su Jakara a Kano da kwarin Gunti Yena a Yamai. A lambatu maiƙo yana ɗaure leda da yashi da tarkace su zama dagwalo mai wari da ke tare ruwan damina, a sokawe kuma yana liƙe ramukan ƙasar da ruwa ke tsotsewa ta cikinsu, har ramin ya cika tun lokacinsa bai yi ba, mai gida ya yi ta biyan kuɗin yasa. Tsohon man suya ba a cika zubar da shi a waɗannan birane ba, domin tsadarsa takan sa a yi ta maimaita shi har ya yi baƙi, wanda hakan matsala ce ta lafiyar masu ci, kuma yana nuna cewa duk ranar da aka fara tara shi da yawa, haɗarin komawarsa kasko a kusa yake.

Abin ƙarfafa gwiwa shi ne tarkon maiƙo ba ya bukatar lantarki ko kayan waje, magini na gari zai iya yinsa da bulo da siminti da guntun bututu, kuma ma'aikatan duba-gari, waɗanda tun da can aikinsu ne shiga madafa, za su iya koyon auna kaurin maiƙo da sanda a cikin yini ɗaya. Abin da ake roƙon hukumomin muhalli da na tsara birane shi ne su kiyaye jerin matakan: su fara tanadar wurin da za a riƙa sauke maiƙon da aka kwasa, su yi wa masu motocin kwasa rajista da takardar rakiya, sannan su sa tarko cikin sharuɗɗan amincewa da taswirar duk wani sabon otal ko gidan abinci ko mahauta, su kuma ɗaura sabunta lasisin sana'a a kan nuna shaidar kwasa. Ana kuma roƙon ƙungiyoyin masu otal da masu sayar da abinci su shiga tsara wannan aiki tun daga farkonsa, domin su ne za su ɗauki nauyin kuɗinsa, kuma sokawen gidajensu ne yake fara cika idan aka bar shi yadda yake.